Masu Kwanan Rumfa a Ƙasar Noman Rani

Kafin gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da an kai hatsi rumbu sai samarin ƙasar Kura da Bunkure su ɗaure 'yan komatsansu su nufi birni ko Kurmi ci-rani, kamar takwarorinsu na ko'ina a ƙasar Hausa. Da ruwan Tiga ya biyo kanal ya ratso Bunkure da Kadawa har ya iso Kura, sai tafiyar ta juya, garuruwan da ke tura 'ya'yansu nema suka zama inda ake zuwa nema. An tsara kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano ya shayar da hekta 22,000, kuma daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Injiniyoyi sun auna yawan ruwan da zai bi kowace magudana, sun yanka filaye, sun sa ranar da za a buɗe wa kowane sashe ruwa. Abin da bai shiga taswirar kowa ba shi ne inda mutanen da za su dasa shinkafa, su tsinki tumatir, su ɗora kwanduna a kan manyan motoci za su sa haƙarƙarinsu idan dare ya yi. Sama da shekara hamsin ke nan, amsar ba ta wuce rumfar kasuwa da barandar shago da gindin buhuna ba.

Lokacin da aikin ya fi yawa kuwa shi ne lokacin da kwanan waje ya fi zafi. Tumatir yana fara cika kasuwar Kwanar Gafan, a ƙaramar hukumar Garun Malam a kan titin Zariya, tun hunturu na busawa, a filin da ruwa ya kewaye, inda sanyin asuba ke ratsa ƙashi kuma sauro ba ya tafiya hutun rani. Waɗanda ke kwance a wurin ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin tsayawa a bambance su shi ne farkon kuskuren hukuma. Mafi yawansu 'yan ƙwadago ne da 'yan dako masu gida da mata da 'ya'ya a wani ƙauye na Jigawa ko Katsina ko ƙetaren iyaka a Nijar. Gida suna da shi, makwancin wata uku ne ba su da shi. A gefensu akwai almajiran da malaminsu ya taso da su zuwa inda abinci yake, akwai mata masu shiƙa da kala a bakin injinan casar shinkafa, akwai waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga garuruwansu suka biyo labarin aiki. Sannan akwai 'yan kaɗan da ko kaka ta ƙare ba su da inda za su koma: tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a wurin dako, matar da aure ya mutu kuma gidan iyaye ya watse, mai taɓin hankalin da ya bi titi har ya tsaya a nan. Na farko ɗaki yake bukata na ɗan lokaci, kuma zai iya biya. Na ƙarshe kuwa mai ɗaukar nauyinsa yake bukata. Duk tsarin da ya zuba su a kwando ɗaya ya kira su 'yan zaman banza, ya cuci kowannensu ta fuska daban.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa wannan aiki na ƙaramar hukuma ne tun asali, kuma bai fi ƙarfinta ba. Ba ra'ayin masu tausayi kaɗai ba ne, rubutacce ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kafa maƙabartu da kula da su, kuma a cikin layi guda ya haɗa da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. 'Yan layuka kaɗan a ƙasa ya ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. Wato duk wurin da mai kwanan waje ke shimfiɗa kwalinsa a ƙasar Kura da Bunkure, kusan ko dai mallakar ƙaramar hukuma ne ko kuma ita ke karɓar kuɗin shiga a kansa. Gaskiya ne sashe na 16 da ya yi maganar samar wa 'yan ƙasa matsuguni yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa, shi ya sa lauyoyi ke ɗaukarsa kamar wa'azi. Amma jadawali na huɗu rabon aiki ne, ba fata ba. Abin lura, cikin ayyukan da aka haɗa a wancan layi guda, maƙabarta ce ba a cika mantawa da ita ba, domin katange ta aiki ne da ɗan siyasa ke alfahari da shi. Baƙon da sanyi da zazzaɓi suka kashe a rumfa zai samu likkafani da jana'iza da kabari cikin 'yan sa'o'i. Da ransa ne samun tabarma a ƙarƙashin rufi ya gagara.

A aikace, martanin hukuma ya fi yawa a hanya biyu: kau da kai muddin kasuwa na ci, sai kuma kora idan ƙorafi ya yi yawa. Kwanar Gafan ta ga duka biyun. Hisbah ta sha kai samame a wurin, kuma hukumomi sun sha ba wa waɗanda ke zama a rumfunan bayan kakar tumatir wa'adin su tashi, bisa zargin karuwanci da shaye-shaye da ɓoye ɓata-gari. Ba na cewa zargin duk ƙarya ne, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye suna da haƙƙin a kare musu tarbiyyar 'ya'yansu. Amma abin da aka sha yi har ya zama al'ada, shaida ne a kan kansa cewa bai yi magani ba. Ƙananan hukumomi sun koyi wannan salo ne daga sama. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta yi dokar hana bara a titi a 2013, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sake shelanta hana barar almajirai a Fabrairun 2020, kuma da annobar korona ta shigo bayan 'yan makonni sai jihohin Arewa suka shiga loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali, har aka samu masu ɗauke da cutar cikin waɗanda aka kai Kaduna daga Kano. Duk wanda ya ratsa danjojin Kano a yau ya san inda maganar ta kwana. A ƙarshen 2020, ranar 4 ga Disamba, Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawar cewa dokokin da ke hukunta mutum don kawai ba shi da wurin zama ko sana'ar da aka sani sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar. Ko an ajiye batun haƙƙi, lissafin ma bai fita ba. Ana ƙona mai, ana biyan jami'ai alawus, mutumin da aka kora ya matsa kilomita biyar ya faɗa ƙasar wata ƙaramar hukumar, wata mai zuwa ya dawo domin aikin da ya kawo shi yana nan.

Me ya sa hukumar da ke da doka a hannu take zaɓen abin da ta san ba ya aiki? A ganina amsar tana cikin kalma ɗaya da ke yawo a kowace sakatariya: ɗan asali. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ita ce mabuɗin tallafin karatu da ɗaukar aiki da shiga jerin masu karɓar taki ko shinkafar azumi. Ɗan dakon da ya zo daga Gumel ko Matamaye ba ya da ita, ba ya zaɓe a nan, kansila bai san sunansa ba kuma babu abin da zai rasa idan bai sani ba. Ƙidayar 2006 ta ba Kura mutum sama da 140,000, Bunkure kimanin 170,000, kuma yawan jama'a na cikin ma'aunan rabon kuɗin tarayya, amma baƙon rani ba ya ƙara wa ƙaramar hukuma ko sisi a wannan rabo. A idon mai kasafi, nauyi ne da ba ya zuwa da kasonsa. Wannan tunani tsoho ne, kuma ba mu muka fara shi ba. Ingila ta yi doka a 1662 da ta ba wa kowace gunduma ikon tasa ƙeyar matalaucin da ba ɗan wurin ba zuwa gundumarsa ta asali, aka shafe fiye da ƙarni guda gundumomi na kashe kuɗi a kotu suna jayayya a kan wanda zai ciyar da wane. Ɓurɓushin wannan na nan a dokokinsu har gobe. Kuskuren lissafin a fili yake a ƙasar noman rani fiye da ko'ina: kuɗin rumfa da kuɗin lodi da kuɗin tasha da ake karɓa a kan kowane kwandon tumatir da buhun shinkafa, a kan wuyan wannan baƙo suka biyo kafin su shiga aljihun mai rasit. Yana biyan haraji, da jikinsa yake biya.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana ita ce an ɗauko matsalar Turawa an jingina wa ƙasar Hausa. Za a ce mu ba mu san marar gida ba, muna da zaure da masallaci da dangi, kuma tun muna yara ake gaya mana baƙonka annabinka. Akwai gaskiya a ciki, kuma Kura ma shaida ce. Tun kafin zuwan Turawa garin ya yi suna da rini da bugu, baƙin yadinsa mai sheƙi da ake kira ɗan Kura shi ne rawanin alfarma na Buzaye, kuma fataken da ke zuwa sayensa ba a rumfa suke kwana ba. Amma a duba da kyau yadda aka saukar da su. Akwai fatoma, mai masauki, wanda ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, ya karɓi la'adarsa. Akwai mai unguwa da ake kai masa duk baƙon da ya kwana a gari, ya san daga ina yake, wurin wa ya zo. Hausawan da suka yi Kurmi da Gwanja sun tafi da wannan tsari, shi ya haifi Sabo a Ibadan da Zango a Kumasi. Har makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu da unguwanninsu a zamanin En'e. Wato abin da muke tunawa a matsayin kirkin mutanen da, tsari ne mai shugaba da ƙa'ida da hanyar samun kuɗi, kirkin kuma a kansa ya zauna. Tsarin ne ya rushe. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ikon zartarwa daga hannun sarakuna ya ba zaɓaɓɓu, amma aikin saukar baƙo bai bi ikon ba, ya faɗi a tsakani. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya sa aka fara yi wa gardi baƙo kallon tsoro, hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 suka ƙarasa abin da ya saura. Masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan isha'i, sabon gini kuma get ake sa masa maimakon zaure. Ko da zaurukan na nan, an yi su ne don baƙo biyu ko uku, ba don cincirindon da kakar tumatir ke kawowa cikin mako guda ba. Wanda ya ce a bar wa al'ada, ya bar wa abin da ba ya nan.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya a takarda, amma sashe na 162 ya sa kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san abin da ke isa sakatariya bayan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ciyaman da ya ce hannunsa a ɗaure yake bai yi ƙarya ba. Sai dai wannan uzuri zai karɓu ne da a ce ana neman ya gina rukunin gidaje. Abin da ɗan ci-rani ke bukata bai kai tsadar ajujuwa biyu na firamare ba: dogon ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti da tagogi masu raga, makewayi da wurin wanka, famfo ko rijiyar burtsatse, fitila mai aiki da hasken rana, da wani ɗan ɗaki mai kwaɗo inda mutum zai ajiye jakarsa da kuɗin aikinsa. Filin ma ba sai an saya da tsada ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara. Kuɗin gudanarwa kuwa ba daga Abuja zai zo ba. Harajin kasuwa da na tasha na ƙaramar hukuma ne, ba ya bi ta asusun haɗin gwiwa, kuma ware wani ɗan kaso daga abin da ake karɓa a kan kowace mota don masaukin masu lodinta abu ne da majalisar kansiloli za ta iya yi da dokarta ta cikin gida. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin wannan haraji ba ya isa baitulmali cikakke, yana zubewa a hannun 'yan kwangilar karɓa da yaran 'yan siyasa. To wannan ba talauci ba ne, zaɓi ne, kuma a kan zaɓi ake tuhumar shugaba.

Ba sabon abu nake kawowa ba, zango ne a sabuwar riga. Indiya, wadda ta fi mu yawan 'yan ci-rani nesa ba kusa ba, ta bi wannan hanya bayan da sanyi ya kashe masu kwanan titi a Delhi, Kotun Ƙolinta ta ba da umarni a 2010 cewa manyan birane su samar da ɗakin kwana aƙalla ɗaya ga kowane mutum 100,000. Ɗakunan ba aljanna ba ne, ana kuka da cunkoso da ƙazanta a wasunsu, kuma wannan ma darasi ne: ginin shi ne mai sauƙi, riƙon shi ne aiki. A nan ne ƙasar noman rani ta fi birni sa'a, domin tana da shugabannin da aka riga aka sani. Akwai sarkin kasuwa da shugabannin dillalai da ƙungiyar 'yan dako da ta direbobi, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa lokacin gyaran magudanan da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, ga dagaci da mai unguwa. Idan ƙaramar hukuma ta gina, ta damƙa riƙo a hannun kwamitin waɗannan mutane, aka sa littafin da kowane baƙo zai rubuta sunansa da garinsa da wanda yake yi wa aiki, aka ware sashen mata da ƙofarsa daban a hannun dattijuwa, an dawo da fatoma ke nan. Ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma kuma ya samu wuri guda da zai tarar da mutanen da ya fi wahalar samu. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya tsofaffin abokan zaman magudanan ruwa ne, kuma taron ɗaruruwan mutane babu makewayi kusa da ruwan da ake wanke kayan miya da shi gayyatar amai da gudawa ce. Wanda bai damu da baƙo ba, ya damu da tumatirin da zai ci.

Za a ce masauki zai ƙara janyo mutane, ya kuma zama matattarar ɓata-gari. Kashin farko na wannan tsoro bai san ɗan ci-rani ba. Babu wanda ke baro iyalinsa a Damagaram don ya ji labarin daɓen siminti a Kura. Farashin kwando da kuɗin yini su ke kawo shi, su ke mayar da shi. A 2016, shekarar da Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, wata tsutsa da ta cinye gonakin tumatir ta tsayar da aikin kakar, masana'antar ta rufe, kuma ba sai da aka kai samame ba kafin kasuwa ta watse. Kashi na biyu kuwa ya juya gaskiya ne. Ɓarawo da dillalin ƙwaya duhu suke so da wurin da ba a tambayar suna, wato daidai halin da ake ciki yanzu. Wurin da ke da fitila da littafi da mai gadi shi ne mafi munin maɓoya. Ya kuma ba wa hukuma abin da ba ta da shi a yau, wato hujja. Idan akwai inda za a ce wa mutum ya je ya kwana, to hana kwana a rumfa ya zama doka mai ma'ana. Idan babu, hanin ya zama umarni ga ɗan Adam da kada ya yi barci.

Akwai sukar da na fi ɗauka da muhimmanci, domin daga bakin masu kwanan take fitowa. Ɗan ci-rani ya zo tara kuɗi ne, kowace naira da ya kashe a nan ta ragu daga kuɗin taki ko na auren da yake tarawa, kuma sau da yawa kwanansa a gindin kaya wani ɓangare ne na aikin, gadi yake yi. Irin wannan ba zai biya kuɗin ɗaki mai tsada ba, ba zai kuma yi tafiyar rabin sa'a daga inda mota za ta iya isowa da tsakar dare ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ke nuna yadda za a yi ginin: a jikin kasuwa da injinan casa, ba a bayan gari inda fili ya fi araha ba, kuma kuɗin kwana kada ya wuce na kofin shayi da burodi. Tana kuma nuna wanda ya kamata ya cika gibin. Manomi mai hekta da yawa da dillali da mai injin casa suna samun ƙwadago da araha ne saboda ba sa biyan kuɗin makwancin ma'aikacinsu, sun bar wa rumfa da sanyi. Ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin shago da rumfa, tana iya sa sharaɗi.

Saura waɗanda masauki ba zai ishe su ba. Gidajen da aka sani na irin waɗannan bayin Allah, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci da cibiyar Mariri da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, suna birni da kewayensa a hannun gwamnatin jiha, kuma ba na ganin hikima a ce kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ta gina nata asibitin. Aikinta a nan shi ne ganowa da rakiya. Sashen walwalar jama'a da ke kowace sakatariya ya san tsohon da ya kwana uku bai tashi ba, ya nemo danginsa ta hannun masu unguwanni, ya kai wanda ke bukatar magani, ya kuma bi sawu bayan an sallamo shi, domin a nan ne yawanci ake komawa titi. Ingila, bayan ta daɗe tana kora, ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su shiga maganar mutum tun saura kwana 56 ya rasa muhalli, saboda sun gano tarewa ta fi ɗaukowa araha. Kuɗin wannan ɓangare yana da wata ƙofa da muke wucewa kullum ba mu ƙwanƙwasa ba. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, tare da fakiri da miskini. A mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka a kan tumatir da sauran kayan lambu, amma ana fitarwa a kan shinkafa da alkama da masara, ushiri ko rabinsa gwargwadon yadda aka shayar, kuma ƙasar da ke girbi sau biyu a shekara ba ƙaramar zakka ke cikinta ba. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Ɗakin kwanan baƙi da wani attajirin shinkafa zai gina ya bayar hubusi bai gaza ƙarin masallaci na huɗu a unguwa ɗaya lada ba, kuma malamai ne ya kamata su fara faɗin haka a kan mumbari. Almajirai kuwa maganarsu ta fi ƙarfin wannan sharhi, ta kuma fi ƙarfin makarantun tsangaya da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a Sakkwato a 2012 da hukumar da aka kafa musu a 2023. Abin da ƙaramar hukuma za ta iya tun yau shi ne kada malami ya sauka da yara a ƙasarta sai mai unguwa ya ga inda za su kwana ya kuma san adadinsu.

Akwai wata riba da ta shafi 'yan asalin da kansu, ga wanda sai ya ji amfanin masu zaɓensa zai motsa. Ƙasar da ke ƙarƙashin madatsun ruwa ba ta rabuwa da ambaliya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, ambaliyar 2001 ta raba dubban mutane da gidajensu a Kano da Jigawa, kuma kusan kowace damina mai ƙarfi sai gidajen ƙasa sun zube a garuruwan bakin kogi. Duk lokacin da haka ta faru, makarantar firamare ake buɗewa a zuba mutane, karatu ya tsaya idan hutu ya ƙare, a jira Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta kawo tabarmi da buhunan masara a ɗauki hoto. Watannin ambaliya, Agusta da Satumba, su ne daidai lokacin da kasuwar tumatirin rani take a watse. Ɗakin da ya saukar da ɗan Gumel a Janairu shi zai saukar da ɗan Bunkure da iyalinsa a Agusta, da makewayinsa da famfonsa a shirye.

Matakin farko ma ba ya cin ko bulo ɗaya. A zaɓi dare guda a tsakiyar Janairu, kowane kansila ya fita da masu unguwannin mazaɓarsa da ma'aikacin walwala da fitila da littafi, a zaga kasuwanni da tashoshi da bakin injina daga sha biyun dare zuwa kiran assalatu, ba tare da ɗan sanda ko motar kame ba. A rubuta mutum nawa ne, maza nawa, mata nawa, yara nawa, daga ina, aikin me, kuma wa ke da inda zai koma idan kaka ta ƙare. A maimaita a watan Yuli, bambancin lissafin biyu shi zai raba ɗan ci-rani da wanda ya rasa kowa. Kura da Bunkure da Garun Malam ruwa ɗaya suke sha kuma baƙi ɗaya suke musaya, don haka dare ɗaya ya kamata su fita, su kuma kai adadin gaban majalisunsu kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.